Zaren Auna Ramin Gaban Coci

Linz, 9 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya Desanka da yara?

Ni lafiya lau nake. Kamfani ya rage mana ranakun aiki, amma kada Mama ta ji, hutu ne ya samu. Na sayi tsohuwar motar tsere, ina gyaranta a tsakar gida. Na canja birki da salansa, na sauke ta har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Maƙwabcina Milutin ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Radoye, nan ko kyanwa ba ta wucewa. A hanyar ƙauyenku a ka za ka ɗauke ta?"

Na yi dariya, sai na tuna ramin nan na gaban coci, a kan hanyar gidanmu. In motar ta tsaya can, Mama ba za ta iya takowa ba.

Don Allah ka auna zurfinsa da zare, ka yanko zaren ka aiko min a ambulan, in ɗaga motar daidai da shi. In samari sun ga motar tsere ta yi tsayi, su yi ta dariyarsu. A bakin ƙofa nake so in ɗauki Mama.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Radoye