Tarin Duna da Tarin Inna

Daga Wara, zuwa ga ƙanena Bilyaminu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin nan naka na Fatakwal da ya hana ka ganin gida shekara uku. Allah Ya tsare ka, Ya ƙara maka lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Yayarka Firdausi ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata Hawwa. Tarwaɗa ta samu bana, bandar kifin Inna ba ta hutawa. Takarda na zaɓa don in na kira ka Inna ce ke karɓe wayar ta ce komai lafiya lau, kai kuma ga saurin yarda.

Maganar karenka ce, Duna. Ka tuna yadda Inna ke korarsa da muciya. To tun da ka tafi ita ke jefa masa kan kifi, kuma a gindin bandarta yake wuni, tun safe har ta kashe wuta. Na san ba son kare ba ne, kewar autanta ce, amma in na faɗa sai ta ce gadin kifi yake mata. Da damina ya fara tari, ya rame, in ya bi ta bakin ruwa sai ya tsaya yana haki.

Watan jiya wasu likitocin dabbobi suka zo suna ɗibar jinin karnukan masunta, suna neman alamun ciwon huhu. Babbansu Malam Bitrus, mutumin Shanga, mai haƙuri. Duna ya ƙi kowa, saura kaɗan ya ciji maigidana. Sai da Inna ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta tana shafa masa kunne, sannan aka ɗebi jinin a ƙafarsa. Da kana nan dariya za ka yi, ni kam ƙwalla na share.

Bayan sati biyu Malam Bitrus ya dawo da sakamako. Ya ce jinin ya nuna alamar matsala a huhu, ko da yake jini kaɗai ba ya yanke hukunci. Ya ba da magani, ya ce a raba karen da hayaƙi. Yana cikin bayani Inna ta yi tarin nan nata da muka saba da shi har muka daina ji. Nan take ya tambaye ni shekara nawa ta yi tana banda. Na ce sun haura talatin. Ya ce shi ba likitan mutane ba ne, amma karen nan shekara uku kacal ya yi a hayaƙin, a daure a kai ta asibiti a Yelwa a duba ƙirjinta. Kunya ta rufe ni, Bilyaminu. Tarin kare ya dame mu, na uwarmu bai dame mu ba.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa Kawu Hamza ya sa baki, ta ƙi. Ta ɗaure Duna a gindin mangwaro nesa da hayaƙi, ita ta koma bandarta. Jiya da na matsa mata sai ta ce, "Shi ya samu mai riƙe mai kai. Ni wa za shi riƙe min?" A gabana ta faɗa, ni da nake kwana da tashi da ita. Abin ya yi min zafi, amma na gane wanda take nufi. Ni ma ina kewarka, sai dai tawa za ta iya jira.

Kawu Hamza, Firdausi da maigidana suna gaishe ka ƙwarai. Ka gaida abokan zamanka. Inna ba ta san na rubuto ba. Zumunta a ƙafa take, ka nemi hutu ko na kwana huɗu ne, ka zo ka kai ta da kanka. Tun ranar Juma'a a zaune take sallah.

Yayarka,
Yasira