Kyandir a Aljihun Saveta

Vaslui, Litinin

Yayata Profira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikoki. Yaya gwiwar nan taki?

Mijina Tudose har yanzu yana asibiti, an sa masa robar iska a hanci. Likita ya ce huhu ne, za a samu sauƙi, amma takalminsa yake kallo idan yana faɗa. Ni kuwa na tare a kujerar gefen gado.

Yayarsa Saveta ce ta hana ni sukuni. Matar da ba ta taɓa kawo mana ko ƙwai ba, yanzu kullum ga ta da miyar kaza. Da na fita wanke kofi sai su hau ƙus-ƙus, ina dawowa su yi tsit. Jiya na gan ta da likita a baranda, tana hango ni ta saki zancen. Ga ɗaki da zafi, amma ba ta cire rigar sanyi, hannunta kullum a aljihu. Akwai abin da ake ɓoye mini.

Ƙanwarki,
Aurica

Alhamis

Yaya Profira,

Ina gaisuwa, ina fatan kin tashi lafiya.

Yau da rana gyangyaɗi ya kwashe Saveta, na zura hannu a aljihun. Kyandir ne na coci, siriri, da ashana! Kin san ba a kawo shi gefen mara lafiya sai an fid da rai, don a damƙa masa a hannu kada ya tafi cikin duhu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ja ta waje.

Na ce, "Yaya Saveta, mutum yana shan miya kina jiran gawarsa? Ko gonar inabinmu ce ta tsone miki ido?"

Ta ce, "Ke dai bakinki ba ya hutawa. Mayar mini, ba naki ba ne."

Na hana ta. Na so in karya shi, hannuna ya ƙi.

Taki,
Aurica

Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki. Allah ya sa kin fi ni ƙarfin zuciya yau.

Da safe ina goge masa fuska, Tudose ya riƙe hannuna ya ce, "Tsohuwa, ɓarauniya, ina kyandirina?"

Ashe shi ya aiki Saveta. Tun ranar farko likita ya gaya masa gaskiya, shi kuma ya sa likitan da Saveta suka rantse ba za su faɗa mini ba. Kin tuna babansu a gona ya faɗi ya mutu, ba kowa, ba haske. Abin da yake tsoro ke nan, ba mutuwar ba.

Na ce, "Ni ce bare ke nan?"

Ya ce, "Da kin sani, da kin daina yi mini faɗa. Ni kuwa faɗan nake so."

Na yi kuka har na gode Allah. Saveta ta shigo, ta miƙo mini miya na sha. Ma'aikaciyar jinya ta ce idan lokaci ya yi za ta rufe iskar robar kafin a ƙyasta ashana, don kada gobara ta tashi.

Na miƙa wa Saveta kyandirin, Tudose ya girgiza kai, ya nuna ni. Yanzu yana aljihuna, kuma ni ma na daina cire rigar sanyi.

Ki hau jirgin gobe, Yaya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Aurica