Wayar Ambiriyaj da Habu Ya Rufe da Baƙin Mai

Zuwa ga Yayana Mustafa, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Yamai? Baba da Inna suna lafiya, amma ba su san ina wannan rubutu ba.

Yaya, akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Zara'u da muke musayar littattafai a makarantarmu ta lise. Tun lokacin da abokinka Habu yake zuwa ɗaukarka a kan moto nake leƙensa ta kafar ƙyauren zaure. Duk littafin soyayyar da na karanta, fuskarsa nake sa wa saurayin. Don Allah kada ka yi dariya, kada kuma ka yi faɗa. Abin ya mutu ranar Lahadi, kuma yadda ya mutu ne ya sa na ɗauki bik nake rubuta maka.

Ka san Baba da tsohuwar motarsa, ba ya yarda a kai ta gareji. Shi da maƙwabcinmu Malam Kyari suka sake mata farantin ambiriyaj, wato kuloci, a ƙofar gida. Da suka gama, abin takawa na hagu ya koma lagwai-lagwai, sai ya kusa taɓa ƙasa yake kamawa, bitas kuwa, wato giya, in za ta shiga sai ka ce ana niƙa tsakuwa. Shi ne ka kira Habu ya zo ya daidaita wayar.

Ya zo cikin farar shadda, ƙamshinsa har tsakar gida, da gani wani wuri ya nufa. Baba ya tafi la'asar, ya ce in shiga motar in riƙa taka wa Habu ambiriyaj, tunda ƙafa kawai ake so. Na zauna a mazaunin direba, na ajiye littafin Zara'u a gefe. A littafi, nan ne ake haɗa ido.

Abin da na samu shi ne "Ke, taka! Saki! Kai, wannan ƙafa ce ko taliya?" Ya sa noti a baki yana magana, ya yi kaki ya tofar a gindin taya. Da zai durƙusa ya leƙa ƙasa, ya miƙo hannu ya ɗauki littafin, ya shimfiɗa a ƙasa ya ɗora gwiwa a kai, don kada shaddarsa ta ɓaci. Ko tambaya bai yi ba.

Duk wannan da na haɗiye. Sai ya kira ni in haska masa da fitilar wayarsa cikin kapo, inda injin yake. Yaya, na gani da idona. Daf da inda wayar ambiriyaj take maƙale da ƙarfen da take ja, silillanta sun tsittsinke, sun yi cirko-cirko kamar bakin tsohuwar tsintsiya. Kaɗan ne suka rage a haɗe. Shi ma ya gani. Ya duba agogo, ya ɗaure notin har ƙarshen zarensa, ya lakato baƙin mai da babban yatsa ya shafe wurin tas.

Da ya ɗago ya ga ina kallo, sai ya yi mini murmushi. Murmushin nan da na daɗe ina jira. Ya sa yatsa a leɓe ya ce, "Ƙanwata ta kaina, tsakaninmu ne." Ashe ya sani. Ya san ina leƙensa, ya ajiye sanin har ranar da zai yi masa amfani. Wallahi har yau in na ji irin turarensa sai na tofar da yawu.

Baba ya dawo ya taka, ya ji abin ya yi tauri, ya yi ta sa masa albarka. Da dare ya yi na ce, Baba, wayar nan fa ta ci. Ya ce, "Hadiza, wannan ma a littafin soyayya kika karanto?" Inna ta yi dariya, na shige ɗaki.

Juma'a ta sama zai kai Inna da Gwaggo Falmata suna a Dogo. Ka san hanyar shiga garin, yashi ne, ƙafa ba ta sauka daga ambiriyaj. In wayar ta tsinke a can fa, ko a tsakiyar manyan motoci kafin su fita gari? Baba ba ya jin maganata, taka yake ji. Ka ce masa ya sayi sabuwar wayar ambiriyaj, ya goge man nan ya duba da kansa. A wayar Inna ba zan iya faɗa maka ba, kowa kunnensa na kusa.

Na san Habu amininka ne tun kuna yara a Kara-Kara. Na san kuma in ka karanta farkon wasiƙar nan, zan daɗe ban iya kallon idonka ba. Na so in yage wannan ɓangaren, sai na ga in babu shi ba za ka gane abin da ya dogara da shi ya ce in yi shiru ba.

Allah Ya tsare mana Baba da Inna a kan hanya, Ya tsare ka inda kake, Ya haɗa ka da abokai na gari. Malam Kyari zai hau mota zuwa Yamai gobe da safe. Zan liƙe wasiƙar yanzu in kai masa da kaina, kafin kunya ta dawo.

Taka ƙanwa,
Hadiza