Minti Takwas na Baba

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

Yau da zanena na koyar da 'yan aji shida. Huɗu suka ja gefensa, na ɗora ƙatuwar albasa a tsakiya ya lotsa, na gangara magarya tana zagaye ta. Na ce babu wata igiya da ke jan duniya. Nauyin rana ne ya lanƙwasa sarari da lokaci, ita duniya a ganinta miƙe take tafiya, hanyar ce ta karkace. Ruƙayyatu ta ɗaga hannu: "Malama, in an ƙare muna iya cin magaryar?" Shekara huɗu a jami'a, ga amfaninta.

Na dawo na tarar da Yaya Mukhtar a zaure. Gwaggo Tasalla, yayar Baba, ta rasu a Ƙwanni. Nan da can tafiyar babur ce, amma iyaka a rufe take tun Agusta. An binne ta babu ko ɗayanmu. Yaya ya ce kada a gaya wa Baba.

Laraba, 11 ga Oktoba

Tun da mantuwa ta kama Baba, hanyarsa ɗaya ce kowace hantsi: masallaci, kasuwar albasa, shingen sojoji, ya tsaya yana kallon arewa, ya dawo. Sunana ma wani lokaci sai ya lalubo, amma bai taɓa mance cewa Gwaggo na can ba. Ita ta goye shi da uwarsu ta rasu.

Yau ya dawo da goro a aljihu. Nata ne, wai in an buɗe hanya.

Asabar, 14 ga Oktoba

Mun yi cacar baki da Yaya. Na ce mutum na da haƙƙin ya yi wa 'yar'uwarsa addu'a.
"Ke Hamdiyya, mi za ya ƙara mishi? Komi sai kin auna shi da ma'auni?"
Na ce ƙarya dai ƙarya ce, ko ta sa rawani. Ya buga ƙofa. Na ji daɗin maganar tawa, abin kunya.

Talata, 17 ga Oktoba

A aji na ce da za a ɗauke rana yanzu, duniya za ta ci gaba da zagaye gurbinta har minti takwas da 'yan daƙiƙu, domin labarin lanƙwasar ma ba ya wuce gudun haske. Sai na tsaya da alli a hannu. Yaran suka ɗauka lissafi ne ya ƙwace mini.

Kwana takwas ke nan Baba yana zagaye gurbi.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na gaya wa Baba, bayan ya dawo daga masallaci. Ban yi kwana-kwana ba, ai ni ce mai gaskiya.

Ya yi salati. Ya tambaya wa ya yi mata salla. Sannan ya ce, "To wa za ya kira ni Abu yanzu?" Ban taɓa jin an kira shi haka ba. Ban kuma taɓa ganin hawaye a gemunsa ba. Bai ci tuwo ba.

Ban tambayi 'yan aji ba, ba su tambaye ni ba: bayan minti takwas ɗin duniya ba ta faɗuwa ko'ina. Miƙewa take yi cikin duhu, ba abin zagayawa.

Asabar, 21 ga Oktoba

Baba bai fita ba. Yaya ya wuce ni a zaure kamar bai gan ni ba, gara ya zage ni.

Litinin, 23 ga Oktoba

Da hantsi na ji ƙarar sandar Baba. Ya sa hula, ya shafa aljihu, goron na nan, ya bushe.
"Ɗiyata, an buɗe hanya?"
Na ce tukuna.
"Kin ji labarin Yaya Tasalla?"

Babu darasi sai sha ɗaya, shi ya sa na ɗauki mayafi na bi shi, ba wani abu ba. A bakin shingen ya sake tambaya.

Na ce lafiyarta ƙalau, tana gaishe da Abu.