Turin Mota a Hawan Tumfure

Tumfure, Gombe.

Zuwa ga Yayana Nuruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga yayanta, cike da kewa da girmamawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Su'ad da 'yar lelena Amatullah. Ya aiki, ya kuma ruwan Fatakwal da aka ce ba ya gajiya da zuba? Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da mu. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zuwa islamiyya da kanta. Gwaggo Lami ta zo daga Kagarawal ta ɗan kwana mana, ta tafi tana mitar cewa mun yi gida a bayan duniya. Gyaɗar da aka shuka a filin bayan gida ta yi kyau, sai dai awakin maƙwabta sun riga mu ɗanɗanawa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Ka san ni da waya, da na ji muryarka sai duk abin da na shirya ya gudu, in yi ta cewa lafiya lau har ka gaji ka ce a ba Umma. Kuma wayar gidanmu ba ta da sirri, a buɗe ake sa ta kowa ya ji. Shi ya sa na zauna na rubuta, in na gama zan ɗauki hotonta da wayar ƙawata Mmesoma, 'yar maƙwabcinmu Oga Amobi makanike, in turo maka. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, kafaɗuna ne ke ciwo, za ka ji dalili.

Maganar motar nan ce mai caji da ka turo kuɗinta. Yaya, ban sani ba ko an gaya maka gaskiyar yadda Baba yake tun da ya sayar da tsohuwar motarsa, bayan kuɗin fetur ya fara cinye duk abin da yake samowa. Mutumin da tun kafin a haife ni yake kwasar 'yan kasuwa da kayansu daga unguwa zuwa Kasuwar Gombe, yanzu da ya dawo sallar asuba sai ya yi wanka, ya sa kaya tsaf har da hula, ya zauna a ƙofar gida. Ba ya zuwa ko'ina. Ya kwance rediyonsa ya ɗaura, ya sa wa ƙyauren gida mai alhali ba ya kuka, ya gyara fitilar da ba ta lalace ba. Abinci kuwa kaɗan yake taɓawa. Ranar da kuɗinka suka shigo ne na fara ganin haƙoransa a bana. Ya gaya wa kowa a masallaci cewa yaron nan na Kudu zai saya masa motar da ba ta shan mai. Ka san ba ya faɗin sunanka, kunyar ɗan fari, amma kowa ya gane, aka yi ta yi masa barka.

Daga nan aka shiga nema, mu kuma muka shiga gajiya. Sabbin dai ba a maganarsu. Dillalin farko da ya faɗi kuɗin wata, Baba ya yi masa godiya, ya gyara hula, ya fito bai ko waiga ba. Aka yi ta turo hotuna daga Kano da Abuja, kowace sai an ƙara wani abu mai yawa a kan abin da ke hannu, ga kuɗin kawowa. Kullum ya fita da safe a kuɗin keke napep, ya dawo da yamma ƙafa duk ƙura, Umma ta tambaye shi da ido, ya girgiza kai. Daga ƙarshe wani dillali a cikin gari ya ce yana da wata ƙarama, fara, wadda aka ɗan hau, kuma kuɗinmu za su kai in an matsa.

Baba ya ɗauki Oga Amobi suka je dubawa, kamar yadda suka saba duk motar da zai saya. Ka san yadda suke yi: a tayar da inji, Oga Amobi ya kara kunne, Baba ya taɓa baƙin mai ya murza a yatsa, a je baya a shinshina hayaƙi. Mmesoma ta ce babanta ya dawo gida yana faɗa shi kaɗai. Wai an ce musu mota ta tashi, suka kasa kunne, shiru. Suka buɗe gaba, ba inji, sai wani akwati da wayoyi. Oga Amobi ya zagaya baya yana neman salansa har ya durƙusa, bai samu ba. Ya ce wa Baba shi dai tsakaninsa da Allah ba zai ce tana da lafiya ba, ba zai ce ba ta da shi ba, don bai taɓa duba majinyacin da ba ya tari ba. Dillalin ya rantse batirin sabo ne fil. To ta ina za a gane? Batir ba ya kuka, ba ya wari.

Sai Baba ya ce saura gwajinsa na ƙarshe, wanda ba ya tsallakewa: a cika mota da iyali, a hau da ita hawan nan na hanyar gida. In ta kawo mu ƙofar gida, ta ci. Dillalin ya yarda da ƙyar, aka bar masa katin shaidar Baba.

Yaya, kada ka yi min dariya. Na sa atamfata ta sallah da mayafin da Anti Su'ad ta aiko min, har turaren Umma na shafa. A littattafan da nake karantawa, kullum yarinya tana zaune a bayan farar mota, gilashi a rufe, sanyi na kaɗa ta, tana kallon gari ba ta cewa komai. Ni ban taɓa shiga motar da gilashinta ke tashi ba tare da an ja shi da hannu ba. Muka shiga, Baba a sitiyari, Oga Amobi a gefensa, ni da Umma da Mmesoma a baya a matse. Ta tashi sumul kamar ana jan ta da zare. Na yi ƙarfin hali na roƙi a kunna esi, Baba ya kunna. Na jingina kai da gilashi, ina kallon masu keke da 'yan talla suna wucewa ba ƙara, na ji kamar ba ni ba. Umma kuwa salati take ta yi, wai tafiya ba ƙara kamar an ɗauki gawa.

Muna fara hawan sai na ga Baba yana ta leƙen allon gabansa. Wata fitila ta kama, tafiya ta ragu, ta ƙara raguwa, har mai kura ya kusa wuce mu. Sai ta tsaya. Ba tari, ba shaƙewa, ba komai, ta dai daina tafiya kawai.

Abin da kowane direba ya sani shi Baba ya yi, ya ce a fito a tura. Oga Amobi ya ce a juya ta ta fuskanci gangara, in ta ɗauki gudu sai a saki kuloci ta tashi. Babu wanda ya tuna cewa ba ta da kuloci. Muka tura, ni da atamfata, Mmesoma ta cire takalmi, Oga Amobi yana yi mana kirari da Hausarsa, wai mu ƙara ƙarfi 'yan mata, ba tuwo muka ci ba? Abin haushin, da ta gangara sai allon ya ɗan farfaɗo, ta yi tafiya da kanta. Daga baya aka ce wai haka suke, gangara na ɗan zuba musu caji. Amma a lokacin Baba ya leƙo ta taga yana murna, yana cewa ai ya faɗa, mota mota ce. Ya juyo da ita, muka shiga, ta kai daidai inda ta tsaya ɗazu ta sake tsayawa. Muka sake turawa. Wannan karon sama Baba ya ce a tura, wai saura kaɗan a gama hawan. Rana ta take, mayafina ya faɗi a kwalta, 'yan ajinmu suka wuce a keke suna ɗaga min hannu, ɗaya har tana tambayar ko sabuwar motar ce. Na so ƙasa ta buɗe. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na ɗago na hangi Baba ta gilashin baya: ya karkata kai gefe, yana sauraro, ƙafarsa ta hagu tana ta laluben ƙasa. Yana jiran ya ji wani abu ne da zai gane.

Wanda ya cece mu Baba Iro ne, abokinsa na tasha tun da daɗewa, wanda shi ma ya sayar da tasa motar. Yanzu keke napep mai caji yake ja. Ya tsaya ya sauke fasinjojinsa ya ba su haƙuri, bai tambayi Baba komai ba, ya kwashe mu mata ya kai gida, sannan ya koma wurin su Baba suka nemo wanda ya ja motar zuwa wurin dillali. A hanya Umma ce ta yi ta yi masa tambaya. Ya ce batirin keken cire shi ake yi, in ya yi ƙasa sai ya biya wani shago kusa da kasuwa a ba shi cikakke ya bar musu nasa, kafin mutum ya sha ruwa an gama. Na san abin da Umma take tunani. Mu da taransifomarmu ke kwana da kwanaki a mace, ko da motar ta kai gida, da me za mu cika ta? Oga Amobi ya tambayo kuɗin sola, wutar hasken rana, da za ta iya cika ta, aka ce kusan kuɗin wata motar ne.

Tun ranar gidan ya yi tsit. Dillali ya kira yana cewa esin da muka kunna ne ya jawo, Baba bai ɗora min laifi ba, amma ni na ji ba daɗi. Oga Amobi ya aiko Mmesoma ta ce min in cire wannan a raina, batirin da iskar 'yan mata za ta kashe ai dama a mace yake. Umma ta gaya wa Baba a fili cewa kuɗin da ke hannu za su sayi sabon keke irin na Baba Iro, har a samu rara. Ya ce shi da ya shekara da shekaru a sitiyari, yanzu ya koma riƙe ƙaho kamar ɗan acaɓa? Kuma ya ce yaron nan mota ya ce, mota ya yi wa wahala, da wane baki zai ce masa ya mayar da kyautarsa keke? Umma ta ce to ita ta kira ka. Ya ce kada ta kuskura. Haka muke, kuɗi na ajiye, farashi na tashi, shi kuma yana zaune.

Shekaranjiya da hantsi Umma ta tafi islamiyya, ina ɗaki ina karatu, Baba ya ɗauka ba kowa a gidan. Na leƙa ta labule na gan shi zaune a kan turmi a tsakar gida. Ya ɗauki taɓarya ya riƙe ta a gicciye da hannu biyu, yana murza hannun dama a hankali, yana ɗan karkata ta hagu da dama, har yana waigawa kamar mai duba ko wani na tafe a baya. Ya daɗe yana yi. Da ya ji motsi a waje ya yi maza ya jingine ta a bango. Na koma na zauna, na kasa ci gaba da karatun. Jiya kuma Baba Iro ya gaya wa Oga Amobi cewa Baba ya je shagon da ake sayar da kekunan har ya taɓa wani, ya ce wai wucewa yake yi. Masu shagon sun ce sababbin da za a kawo nan gaba ba a wannan kuɗin za su zo ba.

To Yaya, ga roƙona, kuma ka yafe min in na yi shisshigi a maganar manya. Baba ba zai taɓa tambayarka ba. Don Allah ka kira wayar Umma bayan la'asar, lokacin yana gida, ka ce kai ne ka sake tunani. Ka ce ka bincika, mota mai caji ba ta dace da unguwar da ba wuta ba tukuna, keke kake so a saya, kuma ka faɗe shi kamar kana neman alfarma a wurinsa. Ka san ba zai amsa maka kai tsaye ba, bango zai kalla ya ce Umma ta gaya maka. Zai ce a'a. Zai ce shi direba ne, zai ce mutane za su yi magana. Kada ka karɓi wannan a'ar, ka bar shi ya yi gardamarsa son ransa, sannan ka sake roƙo. Yana bukatar ya gaya wa mutanen masallaci cewa yaron ne ya matsa masa. Kuma kada ka ce na rubuto, musamman zancen taɓarya.

Ka gaishe min da Anti Su'ad da kyau, ka ce mayafin ya wanku, tabon kwalta kaɗan ne ya rage a gefe. Ka sumbaci Amatullah, ka gaishe da Kawu Ja'afaru da Abdulrauf in kun haɗu. Umma da Gwaggo Lami da ƙanenmu Abdulaziz da sun san ina rubutu da sun ce a gaishe ka, don haka ka karɓa a madadinsu. Mmesoma tana tsaye a kaina tana jiran wayarta, ta ce tana gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran jin wayar Umma ta yi ƙara,
Ikhlas.