Rigar Awonki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar itacen bedina a tsakiyar bazara, Saudatu ɗiyar mutanen Ƙofar 'Yandaka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Legas, ya baƙunta, ya jikin Gwaggo? Ni dai ina nan shagona na Ƙofar Durbi, ƙafa na taka keken ɗinki, zuciya ta bi motar da ta ɗauke ki.

Jiya yayanki Almu ya zo mani da hoton bikin nuna ɗinkin da kuka yi. Tabarkalla! 'Yan mata dogaye jere kan dandamali, sanye da boyel da leshi marasa nauyi na zamanin zafi, wai duk daga zanenki suka fito. Kowa su yake kallo, ni kuwa idona na can gefe, inda kika tsaya kina gyara gyale. Na yi murna wallahi, sai kuma kishi ya turnuƙe ni, don ba ni na ɗinka rigar jikinki ba.

Ban gama haɗiye wannan ba ya isar da saƙonki, wai in ba shi tsohuwar rigarki ya aika maki. Haba Saude! Kin manta ko wace riga ce? Ita ce mai ruwan ganyen nan da kika kawo ran da kika fara zuwa, kika miƙo ta daga bakin ƙofa kina sunkuyar da kai, tunda a garin nan tela namiji ba ya ɗora tef a jikin ɗiyar mutane. Da ita na san faɗin kafaɗarki da tsawon hannunki. Ranar har yatsana na soke da allura, kika rufe baki da mayafi kina dariya. Kin kuwa fi kowa sani, mace ba ta karɓe rigar awonta sai ta canza tela. To, telan kaɗai kika canza, ko har da masoyin zai tafi?

Gari ya cika da hidima, soja na shirin komawa bariki. Sabbin kansiloli sun jibge mani shadda, kowa na son babbar rigar rantsuwa. Titi kuwa sai wanda ya gani: samari da tazarce, 'yan mata da ɗaurin kallabin da ya kusa taɓo sama. Ina kallonsu suna wucewa, ba mai tafiyarki ko ɗaya. Kewarki ta hana ni sakat, ya farin wata, ya ƙamshin ruwan farko! Jiya hannun rigar wani Alhaji na juya baibai.

Na yanka maki farin boyel mai ɗigon shuɗi, na ɗinka komai, kalmasar ƙasa kaɗai na bari. Tsoro nake ji. Ko Legas ta ramar da ke? Ko awon da ke hannuna na wata Saudatu ce da ba ta nan yanzu?

Na sallami Almu hannu wofi, ki yafe mani. In dai karɓewa za ki yi, ki zo bakin ƙofar da kika miƙo ta, ki dube ni ki ce in ba ki. Wallahi zan ba ki. In kuwa kin zo gwada sabuwar ce, zaren na cikin allura.

Naki har ran da za a yanka mani farin da ba a yi wa awo,
Gwadabe Tela