Matakin da Na Ɓoye wa Ɗaliban Dakta

Goggo mai fili, don Allah ki taimaka mini, abu ya tsaya mini a rai. Ba maganar da zan yi da abokan aiki ba ce, don a wurinmu ko tari ka yi a ɗakin aiki sai an ji a ofishin shugaban sashe.

Shekarata ashirin da uku ina kula da ɗakin aikin lantarki na tsangayar injiniya a wata jami'a. Ni ba malami ba ne, ba ni da digiri. Ni ne mai makulli, mai mitar gwajin wuta da filaya, mai jera kaya kafin ɗalibai su shigo, mai gyara abin da suka ƙona bayan sun fita. Saura shekara huɗu in yi ritaya.

Bana aka kawo mana wata sabuwar Dakta, da kaɗan ta girmi 'yata ta fari. Ta zo da wani darasi, wai fasaha ga kowa. Ma'ana a kwaso 'yan shari'a da 'yan tarihi da 'yan harsuna, waɗanda ko kwan fitila ba su taɓa canzawa ba, a zube mini su duk Laraba su buɗe fanka da dutsen guga su ga abin da ke ciki. Hujjarta ita ce, waɗannan ne gobe za su zama alƙalai da shugabannin ma'aikatu, su sa hannu a kan injin da ba su san gabansa da bayansa ba. Ban ƙi ba. Har dariya suke ba ni, akwai wani ɗan tarihi da ke riƙe sukundireba kamar zai yi rubutu da ita.

Abin da ya fara sa ni shan jinin jikina shi ne, Dakta ba ta koyarwa kamar sauran malamai. Ɗalibi na yin tambaya sai ta ce ya tambayi Baba, wato ni. In na kafa tsinin sukundireba a jikin inji na kara kunne a ƙotar don in ji inda yake ciwo, sai ta sa a rubuta. In na shinshina na ce waya ta ƙone a ciki, sai ta fito da wayarta tana ɗaukar hannuna. Komai na yi sai ta tambayi dalili, da ladabinta da murmushinta. Goggo, ni dai a iya zamana a wurin nan ban taɓa ganin mai digiri uku ya yi wa irina ladabi haka kawai ba.

Ana nan sai ga wani ɗan littafin jagora ta raba wa ɗalibai. Na buɗe, maganata ce tsaf, har da yadda nake cewa a jera noti a murfin kwalba kada su ɓace. A bango kuwa sunanta ne da na shugaban sashe. Nawa ko a ƙasan shafi babu. A satin nan kuma na ji ana raɗe-raɗin za a haɗe ɗakunan aiki a rage ma'aikata, sai ga shugaban sashe, mutumin da ya shekara uku bai sauko wurina ba, ya zo da awo yana gwada faɗin ɗakin. Na faɗa wa maman yara, ta ce ni ko inuwata ta biyo ni sai na tambaye ta wa ya aiko ta. Amma ke ki duba, in ba tatsata ake yi a zuba a takarda sannan a sallame ni ba, mene ne wannan?

Daga nan na fara riƙe wasu abubuwa. Babban cikinsu shi ne maganar kafasita, wani ɗan abu kamar gwangwani da ke cikin na'urori, wanda ke riƙe wuta ko bayan an zare soket. Duk mai aikin lantarki ya san sai an sauke masa wutar kafin a sa hannu. Da aka zo kan akwatin wutar kwamfuta, sai na riƙa zuwa da wuri ina sauke su duka ni kaɗai, in jera a tebur. Ɗalibai ba su taɓa gani ba, Dakta ba ta tambaya ba, sabon shafin da ta ƙara a jagora ya fita babu wannan mataki. A raina na ce ranar da suka kore ni za su san akwai abin da ba a rubuce yake ba.

Larabar da ta wuce aka kira ni sito in sa hannu a kan kaya. Kafin in dawo, wata 'yar shari'a ta ɗauko wani akwati daga kan kantar ajiya, ba cikin waɗanda na jera ba, ta jona ta ga yana aiki, ta zare, ta bi jagora layi-layi. Wuta ta fizge ta daga kan kujera, yatsu biyu suka ƙone. Allah ya taƙaita.

Dakta ta rubuta rahoto ta ce laifinta ne, jagorarta ce ke da giɓi. Ranar Litinin kwamitin bincike zai zauna, ana cewa za a iya soke darasin. Jiya ta same ni, ta tambaye ni a hankali ko akwai abin da na lura da shi wanda ya kuɓuce mata. Na ce zan yi tunani. Goggo, ba tarko ba ne wannan? Mai digiri uku a lantarki ta manta kafasita? In na yi magana na ba su igiyar da za su ɗaure ni, in na yi shiru a soke darasi ɗakina ya dawo hannuna. Sai dai yarinyar nan ta zo da bandeji a hannu tana ba ni haƙuri, wai ta taɓa kaya ba izini. Yaya zan yi?

Naki,
Mai Makulli

*

Malam Mai Makulli, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ba zan ce zarginka ba shi da tushe ba. A kwashi ilimin mutum na shekara ashirin da uku a buga ba sunansa, wannan rashin adalci ne, ko da gangan aka yi ko da sakaci. Ita ma Dakta, da iliminta, bai kamata ta raba jagorar da ba ta bi da hannunta daga farko zuwa ƙarshe ba. Ta jingina da kai fiye da kima.

Amma ni ma ina da nawa zargin, kuma a kanka yake. Ka ga mutum da awo, ka ji raɗe-raɗi, ba ka tambayi kowa komai ba, ka yanke wa kanka hukuncin kora. Ina jin ba tsoron sallama ne ya fi cin ka ba, bangon littafin nan ne ya sosa maka rai, ka kuma ga ya fi sauƙi ka yi ƙafar ungulu da ka buɗe baki ka ce ina sunana. Wadda ta kafa maka tarko ba za ta fara rubuta rahoto a kan kanta ba. Ko da ta gano abin da ka yi, tambayar da ta yi maka ƙofa ce ta bar maka a buɗe.

Akwai kuma abin da ban gani a wasiƙarka ba sam, shi ne ya fi tayar mini da hankali. Jagorar nan tana hannun ɗalibai nawa? Tana jakunkunansu, tana ɗakunan kwanansu, za ta bi su gida hutu. Kun koya musu kada su ji tsoron buɗe na'ura, kuma a gida babu mai zuwa da wuri ya sauke musu wuta. Saboda haka maganar ba ta jiran Litinin. Gobe da safe ka sami Dakta ka faɗa mata matakin da babu, ku aika wa kowane ɗalibi saƙo a ranar cewa kada wanda ya buɗe komai sai an gyara shafin.

A zaman nan kuma ka faɗa mata sauran, cewa ka sani ka yi shiru, da dalilinka. Ba zan yi maka alkawarin za ka fita ba ko ƙwarzane ba. Mai yiwuwa ka sami takardar gargaɗi, don haka ka shiga kwamiti da wakilin ƙungiyarku ta ma'aikata. Amma kwamiti ya ji daga bakinka ya fi maka sau goma da wani ɗalibi ya tuna cewa kullum a jere suke tarar da akwatunan.

Maganar suna ka ajiye ta sai ƙura ta lafa, sannan ka nema a rubuce, gaba gaɗi, don haƙƙinka ne. Kada ka haɗa su a zama ɗaya, sai ya zama kamar ciniki kake yi da lafiyar 'ya'yan mutane.

Ita kuwa yarinyar, kai ne za ka je ka ba ta haƙuri, ka gaya mata ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta mata ta bi. In hannunta ya warke, ka zaunar da ita gaban akwatin nan ka nuna mata yadda ake sauke wutar, ta yi da kanta, kada tsoro ya zauna mata har tsufa.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar gobe da safe, ya sa ka ajiye makullinka da mutuncinka.

Goggo